Ƙafar Baba da Abin Kunnena

Litinin, 1 ga Satumba

Likita ya ce a yanke. Ƙafar dama, daga ƙasan gwiwa. Ni yake kallo da yake faɗa, ba Baba ba, sai ka ce ƙafar tawa ce. Ya ce ciwon suga ya riga ya kashe yatsun, baƙin yana hawa sama, in ya shiga jini to babu sauran magana. Na ce zuwa yaushe? Ya ce da son samu ne, da tun jiya an yi.

Baba ya ja mayafi ya rufe ƙafar, ya ce, "Albarka." Haka kawai, yadda yake ce wa wanda ya taya masa ɗinki da rainin wayo.

Ba za su taɓa shi ba sai ya sa hannu da kansa, tunda hankalinsa garau yake. Nawa hannun ba ya aiki a nan. Kuma ƙafar dama ce, wadda yake taka keken ɗinki da ita tun ban san kaina ba.

Na fita baranda na kira Yaya. Nisa ya sauƙaƙa masa magana. "Ki lallashe shi mana, ai ke ce a kusa." Kullum ni ce a kusa. Tun rasuwar Inna ni ce a kusa.

Tsoro nake ji. Na ce bari in rubuta ko zai ragu. Bai ragu ba.

Talata, 2 ga Satumba

Na ƙona zanen gado a wurin aiki. Duk daɗewata ina guga a ɗakin wankin otal ɗin nan ko hankici ban taɓa ƙonawa ba, yau na bar dutsen guga a kai ina kallon bango. Abokiyar aikina Rediyo ce ta fizge shi. Sunan da muka sa mata ke nan, don ita ba ta da wurin kashewa. Ta cusa zanen cikin tsummoki, ta tsare ni sai na faɗa mata. Na faɗa.

Dama ita ta koya mini sauraron littattafai a waya, bara. Ka sa abin kunne, wani ya karanta maka, hannu na aiki kunne na karatu. Na farkon da na ji na gyaran rayuwa ne, wani mutum mai muryar ƙoshi yana ta nanata cewa duk mintin da ya wuce ba ka ƙaru ba, asara ka yi. Ni kuwa na ɗauka da zafi. Na gano wurin da ake ƙara wa mai karatun gudu, na ninka masa. Da farko kamar ana koro shi, daga baya kunnena ya saba, har na fara jin mutanen gaske sun fiye jan magana. A guga, a mota, a girki, ko ina wanke wa Baba ciwo, kunne ɗaya na littafi ne, ɗaya na duniya.

Rediyo ta ce akwai wani na koyon shawo kan mutane, yadda ake zama da mai taurin kai a tashi da abin da aka zo nema. Wai da shi ta sa maigidanta ya bar ta ta ci gaba da aiki. Ta turo mini. Dogo ne, amma da gudun da nake ji zan cinye shi kafin jibi.

Alhamis, 4 ga Satumba

Mai littafin ya ce kada ka yi gardama da mutum. Ka maimaita masa ƙarshen maganarsa kawai, sai ya ji kana saurarensa, ya zazzage maka cikinsa. Na yi ta gwadawa a kan Rediyo da safe, ita kam ko ba a maimaita mata ba zazzagewa take yi.

Da yamma na je asibiti, na zauna a kujerar roba ta gefen gado, na gyara fuska.

Baba ya ce, "Ni dai da ƙafata zan koma gida."

Na ce, "Da ƙafarka za ka koma gida?"

"Ita ta ciyar da ku."

"Ta ciyar da mu?"

Ya juyo ya ƙare mini kallo. "Uwata, aku kika haɗiya a hanya?"

Mutumin gadon kusa ya yi dariya har ya sarƙe. Ni ma na yi, don kunya. Baba bai yi ba.

Akwai wari yanzu. Ba mai yawa ba, amma in aka ɗaga mayafin ana ji. Na lura ya daina bari in ɗaga.

Juma'a, 5 ga Satumba

Sista mai tabarau ta zana layi da biro a fatarsa, daidai inda baƙin ya tsaya, don a gane ko yana hawa. Ko na rufe ido layin nake gani.

Asabar, 6 ga Satumba

Ya wuce layin. Kaɗan ne, kamar faɗin yatsa, amma ya wuce. Sista ta zana sabo a sama ba ta ce komai ba. Na fi son ta yi faɗa.

Dabara ta biyu: kada ka tambayi mutum ko zai yi, ka ba shi zaɓi biyu waɗanda duk gidanka suke kaiwa. Na bari sai da ya ci abinci, na ce, "Baba, Litinin ka fi so a yi aikin ko Laraba?"

Ya goge hannu a hankali. Ya ce shi ma haka yake yi wa mai wucewa da ya tsaya kallon yadi, ya tambaye shi da aljihu yake so ko ba aljihu, alhali bawan Allah bai ce zai ɗinka komai ba. "Ni za ki yi wa wannan? Ke, ciniki kika zo yi da ni?"

Ke. Ba Uwata ba. Tunda nake bai taɓa ce mini ke tsirara haka ba, ko ranar da na karya masa almakashi ina yarinya.

Na dawo gida. Keken yana nan a ɗakinsa a rufe da tsohon zane, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, alli a kan taga. Tun da ciwon ya tsananta bai taka shi ba. Na tsaya a ƙofa na kasa shiga, sai na mayar da abin kunne.

Lahadi, 7 ga Satumba

Yaya ya kira. "Yaya dai, ya yarda?" Na ce ana kai. Ya ce shi ya san zan iya, ai ni ce mai baki a gidanmu. Yabon da ake wa jaki ke nan kafin a ƙara masa kaya.

Na kai babi na kusa da ƙarshe. Mai littafin ya ce wanda ya fi nuna buƙata shi ke faɗuwa. Dole ɗayan ya ga za ka iya tashi ka tafi, a nan ne zai kira ka. Ya ba da labarin wani da ya tashi daga zama, bai kai ƙofa ba aka ce ya dawo.

Wannan dabarar ba ta kwanta mini ba. To amma me ya rage mini? Kuka na yi, roƙo na yi, likita ya yi nasa, har mutumin gadon kusa ya sa baki.

Litinin, 8 ga Satumba

Na yi.

Na ce, "To shi ke nan Baba, tunda haka ka zaɓa, ni na gaji, ƙafarka ce." Na ɗauki jakata. Ina tafiya a hankali ina jiran ya kira. Na wuce gadon kusa, na wuce teburin Sista, na kai ƙofa. Na ma tsaya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Bai kira ba.

Na zauna a kan matattakala har aka fara share baranda. Mai littafin ya ce kada ka koma da kanka, in ka koma ka zubar da komai. Ban koma ba. Na zo gida na dafa abincin mutum biyu don mantuwa.

Talata, 9 ga Satumba

Ina tsakar guga Sista ta kira. Zazzaɓi. Ban san yadda na fita ba, Rediyo ce ta biyo ni titi da jakata.

Na same shi jikinsa zafi zau, an ɗaura masa ruwa, idonsa a buɗe amma ba ni yake gani ba. Yana cewa a miƙo masa farin zare, mai rigar yana jira. Sai na ga mayafin yana motsi. Ƙafar ce, mai ciwon, tana sama tana ƙasa a hankali, yana taka feda. Na dafe ta da hannu biyu ina cewa Baba bari, Baba bari, tana ta motsi a ƙarƙashin hannuna.

Sista ta ce jiya bai taɓa abincin yamma ba. Ya juya fuska bango tun fitata. Ba ta ɗora mini laifi ba, faɗa kawai ta yi tana duba ruwan.

Wajen la'asar zafin ya sauka, ya gane ni, ya rufe ido. Likita ya kira ni gefe. Ya ce wannan gargaɗi ne, na gaba ba lallai ya sauka ba, kuma in aka wuce makon nan ƙasan gwiwa ba zai isa ba.

In ya mutu, maganar ƙarshe da ya ji daga bakina da hankalinsa ita ce na gaji. Wannan nake ta juyawa. Na gaji. Kuma ba ma tawa ba ce, aro na yi.

Laraba, 10 ga Satumba

Bari in rubuta wannan yadda ya faru, kada in gyara.

Ban je aiki ba. Na zauna gefensa tun safe, ba ya magana, ni ma ba ni da abin cewa, dabaru sun ƙare. Shirun ya yi mini yawa, hannuna ya je aljihu da kansa ya sa abin kunne. Littafin cinikin ya ƙare jiya ban ma sani ba, wayar ta wuce na gaba da kanta. Wani na waƙoƙi ne da Rediyo ta turo tuntuni, ban taɓa buɗewa ba don na ga waƙa ba ta ƙara wa mutum komai. Na miƙe zan gyara masa matashi, igiyar ta maƙale a ƙarfen gado ta fita daga wayar. Murya ta cika ɗakin, siririya, tana zuba kamar an sa wa tsuntsu wuta a jela.

Baba ya buɗe ido. "Wace ce wannan ake kora?"

Na ce littafi ne, bari in kashe.

"Haka take magana?"

Na ce a'a, ni na ƙara mata gudu.

"To ki bar baiwar Allah ta yi numfashi."

Na mayar da ita daidai. Ashe tsohuwa ce. Murya mai kauri, a natse, tana ɗan jan numfashi. Tana karanta layi ɗaya sai ta yi shiru, dogon shiru, har na duba ko wayar ce ta mutu. Duk wannan shirun gudun da nake sawa ne yake cinye shi. Waƙar a kan wata tsohuwar ƙofa ce da ke kuka duk lokacin da aka buɗe ta. Kowa na ce wa mai gidan ya sa mata mai, ya ƙi, don da kukan nan yake sanin yaransa sun dawo gida. Ba ta kai ƙarshe ba Baba ya ɗaga hannu, na tsayar.

Muka yi shiru. Na ji bakina yana ƙaiƙayin cika wurin, na danne. Ba dabara ba ce, tsoro ne ya riƙe mini harshe.

Can ya ce, yana kallon silin, ba wuƙarsu yake tsoro ba. Ba ma keken ba ne, ya san ya gama nasa. Ya ce, "Yanzu ina da ƙafa biyu, sai kin raba kunnenki biyu kafin ki iya zama da ni. Ina magana, babban yatsanki na kan wayar, kamar ni ma za ki ƙara mini gudu. To in na koma mai ƙafa ɗaya fa? Wa zai kai ni bayi? Ke, kina sauri?"

Ya ce bai ga laifina ba. Ya ga na gaji tuntuni, shekaranjiya dai na faɗa da baki. Shi ya sa ya ce bari ya rage mini aiki.

Ya rage mini aiki. Da mutuwarsa.

Ban san me na ce da farko ba, kuka ya riga maganar fita. Na dai san na ce ba gajiya ba ce. Na ce tun da Inna ta tafi, keken kuma ya yi shiru, gidan ya yi mini faɗi, in na cire abin nan sai in ji shirun yana faɗa mini saura shi. Na ce ina yarinya daga bakin lungu nake jiyo ƙarar keken in san yana gida. Na ce ko a kan kai zan ɗauke shi in kai shi bayin, ya zage ni a hanya in yana so, ni dai in shigo gida in same shi. Duk abin da mai littafin ya ce kada a nuna, na baje shi a faifai, gaban mutumin gadon kusa da matarsa.

Bai ce ya yarda ba. Ya daɗe yana murza bakin mayafi kamar mai duba ɗinki. Sai ya ce, "Mayar da tsohuwar nan, Uwata, mu ji yadda ta ƙare da ƙofar."

Alhamis, 11 ga Satumba

Ya sa hannu. Amma sai da ya kafa sharuɗɗa, yana lissafa su da yatsu, likita na tsaye da biro. Keken ba zai fita daga ɗakinsa ba. Maganar bayi da wanka, ɗansa namiji ya zo ya yi har ya koyi sanda, ba zai yarda in yi ba. Kuma kafin a shiga da shi a sa masa tsohuwar nan.

Na kira Yaya. Ya fara zancen aiki da nisan hanya. Ban maimaita ƙarshen maganarsa ba, ban ba shi zaɓi biyu ba. Na ce, "Yaya, gobe za a yanke wa Baba ƙafa, tsoro nake ji, ka zo." Ya ce zai shiga motar safe.

Baƙin ya taɓa layi na biyu. Likita ya ce har yanzu ƙasan gwiwa ne. Allah Ya sa.

Juma'a, 12 ga Satumba

Sun shiga da shi. Na sa masa waƙar ƙofar yana kan gadon turawa, wayar a kan ƙirjinsa, masu turawa suna jira suna kallon juna. A bakin ɗakin tiyata ya miƙo mini wayar ya ce in riƙe masa wurin da aka tsaya.

Ina kan benci nake rubuta wannan. Ƙofar mai murfi biyu ce, duk wanda ya fito sai gabana ya faɗi. Wata mata a gefena tana cin gyaɗa, na tsane ta ba gaira ba dalili. Yaya ya kira yana hanya. Idan allurar barcin ta fi ƙarfin zuciyarsa fa? Idan na tura shi ne da bakina? Jiya tsorona kada ya yarda, yau tsorona ya yarda.

Abin kunnen na cikin jaka. Na taɓa shi na bari. Ina so in ji in sun kira ni.

Asabar, 13 ga Satumba

Ya farka. Abu na farko da ya ce, in sosa masa ƙaramin yatsa, na ƙafar da babu. Na sosa mayafin. Ya ce yauwa, nan ne.

Laraba, 1 ga Oktoba

Mun dawo gida. Shi da Yaya faɗa suke a bayi kullum safe, wai Yaya yana riƙe shi kamar buhu. Na ji daɗin faɗan, ban faɗa wa kowa ba.

Har yanzu ina firgita. In ya yi barcin rana sai na tsaya na ga ƙirjinsa ya ɗaga. Kullum ina duba ƙafar hagu, tsakanin yatsu, kamar yadda Sista ta koya mini.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Yaya ya koma. Baba yana zuwa bayi da sanduna, kuma ba ya son a kalle shi.

Yau bayan azahar na ji ana jan kujera a ɗakinsa. Na leƙa, ya yaye zanen keken, ya sa zare, yana gwada fedar da ƙafar hagu. Sai ta juya baya, zaren ya tsinke. Ya sake sawa, ya sake tsinkewa. Ya ce wannan ƙafar tunda take cima-zaune ce, ba ta san komai ba. Ya ce in kawo tawa aro, kafin ta koya.

Na jawo ƙaramar kujera ta gefensa, na miƙa ƙafa. Shi da hannu a kan yadi, ni da feda. Wata tsohuwar rigar matashi ce kawai. Na taka, keken ya zabura, ɗinkin ya tafi daji.

"A hankali, Uwata. Ba a koro mu ba."

Muka warware muka sake. Layin bai miƙe sosai ba, ya ce in maƙwabta suka tambaya zai ce ni na ɗinka.

Rediyo ta kira ɗazu, wai ta turo mini sabon littafi, yadda ake gama aikin yini a rabin yini. Na ce zan duba. Abin kunnen ma yana aljihun rigar aikina tun Juma'a. Mantuwa ce, ba wani abu ba. Na tsohuwar dai muna ji da yamma a fili, waƙa ɗaya, wani lokacin rabi, don Baba sai ya tsayar ya yi mata gardama. Da wannan tafiyar ban ga ranar gamawa ba.

Fedar tana ɗan kuka in ta sauko, zaman da ta yi ne. Na miƙa hannu kan taga zan ɗauko man keke, sai na fasa. Baba ya gani. Na ci gaba da takawa.